Dutsen Niƙan Kaka a Ƙofar Masai

Mansura, Doha

Zuwa ga ƙanwata Jael,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Hananiya da yara. Allah ya ƙara wa Auta sauƙin ƙafar nan, ya ba ku damina mai albarka a Zonkwa. Ni ma lafiyata ƙalau, sai zafin Doha da ba ya jin rarrashi. Jikina dai lafiya, amma zuciyata tafasa take yi, kuma kin san dalili.

Kin san tsohuwar da nake jinya, uwar kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki. Da zafi ya tsananta, 'ya'yanta suka kwashe mu zuwa wani tsibiri a ƙasar Girka. Su suna bakin teku, ita kuwa tsohuwar, da nake kira Mama, ba ta son yashi, sai ta ce yalla, wato mu tafi, in tura kekenta mu ga gidajen tarihin garin. Na farko na kayan da aka tono daga ƙasa ne. Jael, fasassun tukwane ne fa! Irin katangar da muke sharewa a bayan ɗaki, sun bi ta ɗaya bayan ɗaya sun manna, sun saka a gilashi, har da mai gadi da kaki. Da fari dariya ta kama ni. A gida na biyu, na jiragen ruwa, dariyar ta tsaya, domin Mama ta ga wata tsohuwar igiya da dutsen nutso, ta fashe da kuka. Ta ce da irinsu mahaifinta yake shiga ƙarƙashin teku neman lu'ulu'u kafin a sami mai. Na share mata hawaye, muka wuce.

Gida na uku shi ya gama da ni. Kayan mutanen ƙauye ne: masaƙa, ludayi, tulu, shimfiɗar amarya. A wani lungu sai ga dutsen niƙa, tsakiyarsa ta lotsa don aiki. Ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba, kamar yadda Kaka ta koya mana, har matar da ke kula da wurin ta taso. Ba ta yi faɗa ba. Ta gaya mini cewa jikokin mai dutsen ne suka kawo shi da kansu, kuma kowace shekara sukan zo da 'ya'yansu su gani. Na ɗauki hoto na tura a zauren gidanmu na waya, na ce mu ma a adana na Kaka.

Kin ga amsar da ƙanenmu Harrison ya bayar, ba sai na maimaita ba, amma zan maimaita don in huce. Ya turo hoton dutsen Kaka a ƙofar sabon masai, an kifa shi ana takawa a shiga, ya rubuta wai namu bai yi ritaya ba, yana kan aiki. Har da alamar dariya! Da na kira shi, ya ce tukwanenta ma ya farfasa ya cike gindin gini da su, wai kayan duhun kai ne, ni ce Turawa suka ruɗa. Kai, yaron nan! Da Mamanmu ta rasu wajen haihuwarsa, wa ya raya shi? A kan dutsen nan Kaka take niƙa acca da gyaɗa ta dama masa kunu, yana bayanta yana tsala ihu. Yatsunta sun kanannaɗe a kansa har ba ta iya ɗaura ɗankwali. Ƙashin da ke jikinsa daga dutsen nan ya fito, yau shi ne matakin kashinsa.

Na san za ki ce in yi haƙuri, ramuwa ta Ubangiji ce. Na sani, ni ma ina zuwa coci. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A watan Disamba za a je gidan su Happiness nema wa Harrison aurenta, kuma tunda ba uwa ba uba, ni ce zan zauna a mazaunin uwa. Kin san al'adarmu: kafin a karɓi kaya, dattawan gidan amarya za su juyo su tambaye ni ko yaron nan ya san darajar manya, ko za a iya ba shi 'yar mutane. Ni ba zan zage shi ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba. Wayata kawai zan miƙa wa baban Happiness, ya ga hoton, ya karanta abin da surukinsa ya rubuta da hannunsa. Khalas, shi ke nan.

Saboda haka ina roƙonki, kada ki ɗauke dutsen nan don ki rufa masa asiri, kada kuma ki sa Hananiya. Na ji Harrison yana shirin zuba siminti a kai, to ki gaya masa ranar da ya yi haka ya binne aurensa. Hanya ɗaya ta rage masa: ya tono shi da hannunsa da rana tsaka, maƙwabta suna kallo, ya wanke shi da sabulu, ya ɗauka a ka ya kai ɗakin Kaka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ki gaishe mini da Hananiya, da Auta, da Kawu Lado da iyalinsa, da ƙaramin Henry. Ki gai da Happiness ma, baiwar Allah, ba ta san komai ba tukuna. Harrison kuwa ban gaishe shi ba, kuma ki tabbata ya san ban gaishe shi ba.

Yayarki mai ƙaunarki,
Liatu