Rasuwar Malama Nuriyya Ƙasim, Uwar Ƙungiyar Sifaniyanci ta Gwarzo da Kabo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zaratan Ɗaliban Harshen Sifaniyanci ta Makarantar Sakandaren Al'umma ta Gangaren Kuka da ke Gwarzo, tare da reshenta na tsofaffin ɗalibai mazauna Gwarzo da Kabo, ta samu labarin rasuwar wadda ta kafa ta, uwarta kuma malamarta tilo, Hajiya Malama Nuriyya Ƙasim Kutama, wadda Allah ya yi wa cikawa da hantsin Talatar da ta gabata a wani asibiti a birnin Kano bayan doguwar jinya, aka kuma yi jana'izarta bayan sallar La'asar a Unguwar Tudu kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

A madadin shugabannin ƙungiya da mambobinta na da da na yanzu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, babanmu Alaramma Malam Bashari Muhammad Nur, shugaban makarantar Islamiyya ta unguwarsu, da 'ya'yanta Injiniya Ahnaf da Malama Fatimatuz Zahra, da jikokinta, da dangin marigayi Alhaji Ƙasim na Kutama, da mai girma shugaban makarantarmu da malamansa, da ɗaukacin iyayen yaran da suka taɓa damƙa mata amanar 'ya'yansu.

Mutane da yawa sun sha tambayar yadda aka yi 'yar Kutama ta iya Sifaniyanci, don haka muka ga ya dace a faɗa a nan. An haifi Malama a tsibirin da iyayenmu ke kira Fanya, a ƙasar Ikwatoriyal Gini ta yau wadda Sifaniyawa suka yi wa mulkin mallaka, inda mahaifinta Alhaji Ƙasim ya je fatauci a zamanin da 'yan Najeriya ke tururuwa zuwa gonakin koko na can. A can ya auri mahaifiyarta, Inna Asta, 'yar asalin tsibirin da ta karɓi Musulunci, kuma da Sifaniyanci ita Inna Asta take yi wa 'yarta wasa da faɗa da lallashi. Mahaifiyar ta rasu Malama tana ƙaramar yarinya, aka binne ta a can. Ba a jima ba zaman ya ƙi daɗi, aka kwaso 'yan Najeriya a jirgin ruwa a tsakiyar shekarun saba'in, mahaifin ya dawo Kutama da 'yarsa. Ta tashi a gidan kakanninta, ta zama Bahaushiya ciki da waje, ta yi karatun allo da na boko har ta samu shaidar malanta a fannin labarin ƙasa, amma harshen mahaifiyarta bai bar ta ba, ko da yake ta yi shekaru ba ta da wanda za ta yi shi da shi.

Ƙungiyar nan ta samo asali ne wata rana da Malama ta shiga aji ta tarar da samari suna ta musu kan wata kalma da suka ji a bakin mai sharhin ƙwallo a gidan kallo. Ta faɗa musu ma'anarta, ta gyara musu lafazinta. Washegari suka bi ta har ɗakin malamai suna roƙon ta koya musu. Ta amince, amma bisa sharuɗɗan da har yau su ne dokar ƙungiyar: ba a shiga sai an nuna ƙwazo a dukkan darussa, ba a shiga sai malamai sun shaidi tarbiyyar ɗalibi, kuma duk wanda ya shiga sai ya riƙa koyar da ƙannensa na ƙananan azuzuwa karatu kyauta. Ta kan ce mana: "In ƙwallo ce ta kawo ka, to, ka zo, amma lissafi ne zai zaunar da kai." Saboda haka shiga ƙungiyar ya zama abin alfahari a makarantar, har ɗaliban da ke zuwa daga Kabo da garin Jama'a suka riƙa ƙara ƙaimi a darussan da ba su so domin kawai a kira sunansu ranar karɓar sababbin mambobi.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba tun farko. Wasu iyaye, musamman daga gidajen malamai, sun yi zargin cewa wata hanya ce ta janye yara daga addininsu. Malama ba ta yi fushi ba, kuma ba ta yi gardama a bainar jama'a ba. Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da rakiyar maigidanta, ta durƙusa ta gaida iyaye, ta ba su labarin Andalus da malaman Musulunci da suka rayu a ƙasar Sifaniya, ta nuna musu kalmomin Larabcin da suka zauna daram a cikin harshen, irin su sunan sukari da na man zaitun. Daga nan ta mayar da bikin karɓar mambobi taro na rana tsaka a harabar makaranta, wanda ake buɗewa da karatun Alƙur'ani, 'yan mata a gefe, samari a gefe, kowane ɗalibi ya tashi ya gabatar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa da Sifaniyanci sannan ya fassara da Hausa. Mun ga dattawan da suka fi kowa adawa suna share hawaye a wannan taro.

Sai dai wajibi ne mu faɗa wa jama'a cewa hidimar da Malama ta yi wa wannan ƙungiya ta ɗaure ta fiye da yadda mutane suka sani. Sifaniyanci ba ya cikin jadawalin darussan makarantarmu, ɗalibanmu ba sa rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare, kuma ɗakin da muke haɗuwa duk ranar Alhamis bayan an tashi tsohon sito ne da aka ba ta aro, wanda kowace shekara sai an samu mai buƙatarsa. Ta nemi a haɗa mu da ƙungiyoyi irin tamu na ƙasashen waje, aka amsa mata da cewa sai jagorar ƙungiya tana da takardar shaidar koyar da harshen. Samun takardar yana buƙatar ta bar Gwarzo ta tafi karatu, barin Gwarzo kuma yana nufin rufe ƙungiyar, domin babu wani malami a kusa da zai riƙe ta ko da na zango ɗaya. Haka nan da aka yi mata ƙarin girma zuwa wata makaranta a cikin birni, ta roƙi a bar ta inda take. Ta yi ƙoƙarin tayar da magaji daga cikinmu, amma duk wanda ya fara gogewa sai karatu ko aure ko neman abinci ya ɗauke shi, wanda ya zauna kuma harshen ya riƙa zubewa daga bakinsa saboda ba shi da inda zai yi amfani da shi tsakanin kasuwar Gwarzo da ta Kabo. Babban burinta shi ne ta koma tsibirin da aka haife ta, ta tsaya a kan kabarin mahaifiyarta ta yi mata addu'a. Duk shekara takan ce sai an yaye waɗannan, in an yaye su kuma sai ta tarar da wasu sun riga sun cika bencuna. Ba ta je ba.

A farkon daminar bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta tana shirin fita makaranta. Da ta farfaɗo a asibiti, sai iyalinta suka tarar da jarrabawar da ba su taɓa tsammani ba: Hausar da ta yi rayuwarta da ita ta ƙi fitowa, Turancin ma haka, abin da ya rage a bakinta sai ayoyin Alƙur'ani da kalmar shahada da kuma Sifaniyancin yarintarta. Likitoci sun ce hakan yana faruwa ga wasu masu irin wannan ciwo. Hankalinta yana nan, idonta yana gane kowa, amma ga mijin da suka shafe shekaru fiye da talatin tare, ga 'ya'yan da ta haifa, tana yi musu magana suna kallonta ba su san me take cewa ba. Takan yi ta maimaita abu guda har ta gaji, sai ta juya fuskarta ga bango.

A wannan hali ne iyalin suka nemi ƙungiya, ƙungiya kuma ta amsa. Tsofaffin ɗalibai mata suka raba kwanakin zuwa Kano a tsakaninsu, ƙarƙashin jagorancin Malama Naja'atu Musbahu, wadda ta taɓa shugabantar ƙungiyar tana ɗaliba, yanzu kuma take koyarwa a wata firamare a Kabo. Mun iya isar da buƙatunta na yau da kullum. In ta ce ruwa, ko sanyi, ko kanta na ciwo, ko a juya ta ta fuskanci alƙibla, mun gane mun faɗa. Amma in ta ɗauko dogon zance, da saurin mutanen tsibiri da kalmomin cikin gida waɗanda ba ta taɓa koya mana a aji ba, ga kuma nauyin baki na ciwo, sai mu tsaya cirko-cirko, mu kama kalma ɗaya mu rasa goma. Ta ga haka a fuskokinmu, kuma ba ta taɓa nuna mana ɓacin rai ba.

A makonninta na ƙarshe akwai kalma guda da take yawan faɗa duk lokacin da Malam Bashari ya shigo ya zauna a gefen gadonta. Malama Naja'atu ta gane cewa kalmar yafiya ce. To amma a wannan harshe, neman yafiya da yin yafiya tushensu ɗaya, ƙarshen kalmar ne ke bambanta su, kuma ƙarshen kalmar ne ciwon ke haɗiyewa. Aka kira waɗanda suka fi ƙwarewa a cikinmu, aka kara musu waya a bakinta, kowa ya saurara, babu wanda ya iya rantsewa ko nema take ko bayarwa. Da Malam ya ga yadda abin ya dame mu, sai ya ce: "Ku daina wahalar da kanku, 'ya'yana. In nema take, na yafe mata duniya da lahira. In yafe mini take, na karɓa, na gode. Naja'atu, ki faɗa mata haka." Malama Naja'atu ta harhaɗa jimlar iya iyawarta, ta faɗa. Marigayiya ta ɗaga yatsa kamar yadda take yi a aji in an karya nahawu, sannan ta yi murmushi da gefen bakin da ke motsi, ta kamo hannun mijinta ta riƙe. Daga ranar ba ta sake maimaita kalmar ba. Iyalinta sun shaida mana cewa ta cika da kalmar shahada, kuma wannan kowa a ɗakin ya ji ta sarai.

Game da makomar ƙungiya, ba za mu yi wa jama'a alkawarin da ba mu da ikon cikawa ba. Akwai ɗaliban da Malama ta zaɓa da kanta kafin ta kwanta, waɗanda suka yi shekara suna ƙoƙari domin su cancanta, har yau ba a karɓe su ba, kuma duk Alhamis suna zuwa su share ɗakin su zauna. Ba mu da zuciyar ce musu su daina zuwa, ba mu kuma da ilimin da za mu kai su inda ita za ta kai su. Kwamitin zartarwa ya yanke shawarar cewa Malama Naja'atu za ta riƙa zuwa daga Kabo tana riƙe darasin, ita kuma ta nemi a rubuta a wannan sanarwa cewa abin da ke hannunta ba zai wuce na masu farawa ba. Saboda haka muna roƙon mai girma shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su bar mana ɗakin, muna kuma kira ga duk wani ɗa ko 'yar Jihar Kano da Allah ya hore wa wannan harshe, ko a jami'a yake, ko a kasuwa, ko ya dawo daga zama a waje, da ya dubi Allah ya neme mu ta ofishin makarantar.

Muna roƙon Allah Mai rahama, Mai jin ƙai, ya ba babanmu Alaramma Malam Bashari Muhammad Nur, da Injiniya Ahnaf, da Malama Fatimatuz Zahra, da sauran dangi da abokan arziki haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya saka musu da alheri bisa watannin da suka yi suna jinyar wadda suke ƙauna ba tare da sun iya jin maganarta ba. Allah ya jiƙan Hajiya Malama Nuriyya Ƙasim, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinta, ya sanya ilimin da ta bayar cikin mizaninta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Ya sada ta da mahaifiyarta a Aljannar Firdausi, inda ba za ta ƙara neman tafinta ba. Amin.

Sa hannu:
Mahbub Abdulrahman Jama'a
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Zaratan Ɗaliban Harshen Sifaniyanci, reshen tsofaffin ɗalibai na Gwarzo da Kabo