Fitsarina, Sunan Baba

Litinin, 5 ga Mayu

Yau na yi fitsari a kwalbar da aka manna wa sunan ubana. Bari in rubuta shi haka ƙiri-ƙiri, kar gobe in gyara wa kaina labari.

Masu bincike ne daga jami'a suka kafa tanti a garejin manyan motoci. Wai suna nazarin cututtukan da direbobi ke tsallaka iyaka da su, da waɗanda zaman mota ke jawowa, su suga, su hawan jini. Manaja ya ce kowane direba ya je. Aka raba kwalabe, a cika a mayar.

Baba ya san abin da ke jikinsa. Ni ma na sani, Inna ma ta sani. Mutum ya shanye jarkar ruwa kafin rana ta take, ya yi ta sintirin bayan gida, wando na zamewa duk da ya ƙara wa bel huji. Ya same ni a kududdufin bayan gareji ina wankin tirela, ruwa har gwiwa, ya miƙo kwalbar cikin baƙar leda kamar mai ba da cin hanci.

Na ce, "Baba, na karanta takardar da suka ba ka. Ba sa gaya wa kamfani sakamakon kowa."

"Takardar ce za ta riƙe mini sitiyari in aka ƙwace?"

"To ciwon fa?"

"Kai dai cika. Wa'azin ka ajiye har ka haifi naka."

Na cika.

Talata, 6 ga Mayu

Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ban ce amin ba, kuma ya lura.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sakamako ya fito. Babu suga, yadda ya so. Amma akwai jini, da ƙwayayen tsutsar tsargiya, da yawa. Likitar masu binciken ta tambaye shi ko yana wanka a rafi in ya yi doguwar tafiya. Ya ce mata sosai ma. Baba, wanda ko yayyafi ya taɓa shi sai ya wuni yana mita.

A tsakar gida ya faɗa, yana kwance takalmi, bai dube ni ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ni ne. Ni mai sayen tsofaffin littattafan 'yan makarantar nas a bakin titi, ni mai gyara wa mutane sunan magani. Na san tsutsar daga dodon koɗi take fita, ta huda fatar wanda ya tsaya a kwantaccen ruwa. Na sani sarai. Kuma tun bara nake ganin jan ɗigo a ƙarshen fitsari ina cewa zafin rana ne. Shafin ma na taɓa lanƙwasa shi. Shashasha mai littafi.

Juma'a, 16 ga Mayu

An ba shi maganina, ya shanye.

Dokarsu ce a gaban nas ake haɗiyewa, bayan an ɗora mutum a sikeli. Ya yi dabara ya cusa ƙwayoyin a kumatu, nas ta ce, "Baba, buɗe baki mu gani." Dole ya haɗiye. Ya dawo yana layi, ya yi amai a bakin kwata, ya kwanta yana nishi. Da ya ɗan farfaɗo ya kira ni, ya zare hula, ya ciro rabin ƙwaya da ta jiƙe ta manne da zare.

"Wannan kaɗai na iya tsirarwa. Sha."

Na ce ya jefa wa kaji. Inna ta ce in ji tsoron Allah. Fita na yi, don abin da ke bakina ba na faɗa wa uba ba ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Mai kemis ba shi da maganin. Ya kashe mini ido, ya ce ciwon sanyi ne, "samari kenan," ya turo kafso ja da baƙi. Saura kaɗan in kifar masa da kanta. A babban asibiti sun ce injin gwaji ya lalace, in dawo wata mai zuwa. Na leƙa tantin, nas ta ce maganinsu ƙidayayye ne, na wanda aka ga cutar a kwalbarsa. An gani a kwalbata mana, 'yar'uwa. Na haɗiye maganar.

Na buɗe shafin nan na karanta har ƙarshe. Mafitsara na yin tabo, ƙoda na kumbura, wani ma haihuwa ta gagare shi. Na rufe.

Talata, 20 ga Mayu

Ranar Juma'a za su naɗe tantinsu. Ranar Alhamis Baba zai ɗauki kaya, tafiyar da ba ya dawowa sai wata ya juya.

Zan iya zuwa in tona da bakina. Inna ta san haka, shi ya sa take bi na da ido. Ta tare ni a ƙofar kicin, ta ce, "Ubanka ne fa. Motar nan ita ce mutuncinsa."

Na ce, "To ni ɗan wa ne, Inna?"

Ta juya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Ba zan je ba. Ina so in ga ko mutumin nan zai tayar da mota ya bar ni da tsutsa a ciki. In ya tafi, shi kenan, na san matsayina.

Laraba, 21 ga Mayu

Ya haɗa jakarsa. Jan fitsarina na yau ya fi na jiya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ina cikin ruwa ina dirje taya na ji muryarsa. An gama lodi, injin na ɗumi, yaran mota sun ɗaure tamfol.

"Fito daga ƙazamin ruwan nan."

"Ka makara, Direba. Titi na jiran ka."

"Na ce ka fito, marar kunya."

Ya yi gaba, na bi shi da jiƙaƙƙen wando. A cikin tantin ya tsaya gaban Likita ya kasa zama. Ya ce, "Likita, kwalbar nan ta yarona ce. Ga shi."

Ban yi zaton za ta yi faɗa ba, ta yi. Ta ce ya sa ta ba mutum maganin cutar da ba shi da ita, ya ɓata mata aiki, ya bar ɗansa da ciwo. Baba da ke tsawata wa gareji guda ya sunkuyar da kai yana "haka ne, haka ne." Sannan ta ce ya kawo yatsa. Ta soka, ta duba ɗan injin awon suga.

Ta ce, "Manaja ba zai ji daga bakina ba. Amma da wannan sugan, ido na iya rufe maka a tsakiyar titi. Sauran kai ka sani."

Aka ɗora ni a sikeli, aka ba ni biredi da ƙwayoyi masu ɗacin bala'i. Nas ta ce in buɗe baki. Na buɗe mata har maƙogwaro.

Da muka fito bai nufi motar ba, ofis ya shiga. Ta taga na ga ya ajiye makulli a tebur. Manaja ya ce ya je ya warke tukuna, "sai mu gani." Kowa a garejin nan ya san me "sai mu gani" ke nufi. Dogo ne ya ja motar, wanda Baba ya koya wa canza giyar mota. Baba ya tsaya har ta fita ƙofa, ya ce, "Ji yadda yake cin kuloci."

Lahadi, 1 ga Yuni

Fitsari ya washe. Na bar kududdufi, da bokiti nake wanki yanzu a bakin famfo, kuma aikin ya fi cin rai.

Har yanzu ina jin haushin Baba, kar a yi kuskure. Kwana nawa ya ɗauka kafin ya buɗe baki?

An ce ya riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe. Ba ya iyawa shi kaɗai, sai ya tsaya bakin titi yana kallon manyan motoci har rana ta yi. Yau ma tare muka fita. Ya ce ba ya son rakiya, shi ba makaho ba ne. Na ce wa ya ce rakiya nake, hanyata ce.

Garejin yana gabas. Mu yamma muka yi.