Dagen da Ya Yi Makaranta

Kuyello,
Ranar Laraba, tsakiyar bazara.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko lokacin da kake da rai ma ba ka karanta boko, sai dai ka miƙa wa malamin firamare ya karanta maka, kana tsayar da shi duk inda ka ga ba haka ɗanka ke magana ba. Yanzu kuwa babu motar da ke zuwa inda kake. Duk da haka na zauna na rubuta, da manyan baƙaƙe irin na ɗan aji ɗaya, domin su kaɗai idona ke iya bi.

Bari in fara da labarin gida. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Ƙanwata Hajara ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, saboda haka babu mai iya kiran sunan a gidan nan, Abba muke ce masa. Motoci sun koma bin hannun dama tun kafin ka rasu, amma har yau direbobin hanyar Kaduna suna faɗa a kan haka a tashar Birnin Gwari. A tamu hanyar ta Kuyello dai babu dama babu hagu, inda ramin bai yi zurfi ba nan ake bi.

Babban labarin shi ne na dawo gida. Ka bar duniya kana da ɗa mai aiki a maɗaba'a a Zariya, mai duba kuskure kafin a buga jarida. Shekara goma sha huɗu na yi ina bin ƙananan baƙaƙe layi-layi. Bayan rasuwarka da 'yan watanni sai suka fara haɗewa a idona. Likita ya ba ni tabarau, ya yi amfani na ɗan lokaci, sannan ya daina. Abu mai nisa ina ganinsa sarai, na kusa ne ya gagare ni. Mai duba kuskuren da ba ya ganin kuskure, me zai zauna yi? An sallame ni cikin mutunci, babu wanda ya zalunce ni. Na ɗauko akwatin littattafan da ba na iya karantawa na hau mota.

Wata huɗu na yi a zaure ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Kai ne ka laƙaba mini Akawu, tunda ni ɗan fari ne ba ka kiran sunana, garin duka kuma ya ɗauka. A watannin nan duk wanda ya ce mini Akawu sai in ji kamar ba'a yake yi. Daga inda nake zama ina hangen tsofaffin amyoyinka na ƙudan zuma a jingine ƙarƙashin rumfa, ciyawarsu ta zube, gara ta fara ci. Kallonsu ne ya sa na fara lissafa abin da ya same ka a sana'ar zuma, da abin da ka yi kowane karo.

Ka tuna shekarar da wutar mafarauta ta kufce ta cinye dajin gabas? Amya talatin da ɗaya ka rataya a ɗorawa da kaɗanya, ko ɗaya ba ta tsira ba. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna Inna tana kuka a bakin murhu, kai kuma da gari ya waye abin da ka fara tambaya shi ne ko akwai sauran koko. Ka sha, ka ɗauki lauje, ka nufi fadama, domin ka san can ne kaɗai wuta ta bar ciyawa. Kafin la'asar ka fara saƙa sabuwar amya a tsakar gida, toka na zubo mana daga sama.

Sai kuma shekarar da aka shata iyakar gandun daji, aka ce duk abin da ke rataye a ciki a sauke shi. Itatuwan da kakanka ya fara hawa suka faɗa cikin iyakar. Wasu sun yi ta zuwa Birnin Gwari kai ƙara har suka gaji. Kai ma ka je sau ɗaya, ka faɗi abin da ke bakinka, da ka ga magana ta ƙare sai ka dawo ka kwance kayanka. Amininka Baba Ɗanjuma, Bagwaren nan na wajen Gwaska, ya ce itatuwan gonarsa ba su da aikin yi. Ku biyu kuka riƙa jigilar amya da ƙafa, shi ya fasa zuwa coci Lahadi biyu, kai kana sallah a bakin hanya.

Na karanta littattafai da yawa a Zariya, Baba, har da na mutanen da suka yi suna wajen bayanin juriya. Ban ga wanda ya fi ka saninta ba, alhali ban taɓa jin ka yi wa kowa wa'azi a kanta ba. Abin da na lura shi ne ba ka tsayawa auna girman asara. Tambayarka kullum ita ce wane aiki ne na farko gobe da safe. Ba rashin jin zafi ba ne. Na taɓa ganinka a gindin wata ƙonanniyar ɗorawa ka daɗe tsaye kana juya guntun marfin amya a hannu. Da ka ji motsina sai ka jefar, ka ce in zo mu auna igiya.

Doka ɗaya ce da kai a sana'ar nan, ba ka kuma taɓa sassauta ta ba. In an buɗe amya, ba a kwashe saƙa duka. Sai a yanki ta bakin ƙofa mai zuma, a bar ta can ciki, wadda ke da 'ya'ya da abincinsu. Rabon masu gida kake kiranta. Ka ce su suka yi aikin, kai ɗaki kawai ka ba su, in ka bar su da yunwa za su tashi, kuma sun fi ka gaskiya. Ranar da na zo hutu na gaya maka littafi ya ce shugaban ƙudan zuma ba sarki ba ne, mace ce, ban ga mamaki a fuskarka ba. Cewa ka yi shi ya sa gidan nasu ke da tsari, in je in tambayi Inna wa ke mulkin namu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarar da reshen kaɗanya ya karye da kai, ƙafarka ta karye, lokacin cire zuma ya zo kana kwance wurin maɗori. Na karɓi hutun mako guda na zo, na ce zan cire maka na gonar Baba Ɗanjuma, amya tara. Ka dube ni, ka dubi hannuwana masu laushi, ka ce to. Abin da ban gaya maka ba shi ne na riga na cika baki a wurin aiki. Na yi wa edita alkawarin zumar Birnin Gwari, na yi wa masu haɗa baƙaƙe, har da mai gadi. Da na hau na buɗe ta farko na yanki abin da ya halatta, sai na ga ba zai kai ko'ina ba. Na zura wuƙa har can ciki. Haka na yi wa duka taran. Na mayar da kowane marfi na ɗaure tsaf, na sauko.

Bayan mako uku saƙo ya iske ni cewa ƙudan sun tashi daga amya tara. Na rubuto maka wasiƙa, wadda malamin firamare ya karanta maka, na ce tabbas dage ne, wannan dabbar mai ɓarnar zuma, domin na ga sawunsa a gindin itatuwan. Ban ga sawun komai ba, Baba. Ni ne. Mutumin da ake biyansa don ya hana ƙarya da kuskure shiga takarda, shi ya zauna ya tsara maka ƙarya da kyakkyawan rubutu. Amsarka layi biyu ce: ka gode da wahalar da na sha, kuma ƙafa tana sauƙi. Da ka fara takawa ka sauke amyoyin, ka sake shafe su da kashin shanu, ka turara su, ka mayar. Shekara biyu kafin su koma yadda suke. Na sha ɗauko maganar a bakina in na zo hutu, sai in ce bari sai wani zuwan. Wani zuwan na ƙarshe na jana'izarka ne.

Da kaka ta yi a shekarar da na dawo, na tashi daga zaure na ɗauki laujenka. Saƙar amya ba ta buƙatar ido sosai, yatsu ne ke gani. Ta farko ta fito kamar kwandon da jaki ya zauna a kai, Inna ta yi dariya har da riƙe gwiwa, ita ce dariyarta ta farko da na ji tun da na dawo. Na saƙa bakwai na rataya a gonar Baba Ɗanjuma. Ɗorawa ta yi fure ta zubar, kaɗanya ta yi nata, ko ƙuda ɗaya bai shiga ba. Fari ne ya biyo baya, rafin da ka sani ya ƙafe har yashi. Na ce a raina hukunci ne, sun san hannun da ya wawashe su.

Baba Ɗanjuma ne ya zo ya same ni na sake komawa zaure. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma bakin nan yana nan. Ya tambaye ni ko jarida nake jira ƙudan su buga su sanar da ni dalili. Ya ce ƙishirwa ce kawai, kuma a irin wannan shekara kai kakan ajiye fasasshiyar tukunya da ruwa a gindin kowane itace, ka jefa karare a ciki don su sami wurin sauka kada su nutse. Ban taɓa sanin haka ba. Yaushe zan sani, ina Zariya?

A nan ne na kasa riƙewa, na gaya masa labarin amya tara. Ya bar ni na kai ƙarshe, sannan ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce tare kuka je duba su ranar da ka fara takawa. Dage, in ji shi, yaga amya yake yi ya watsar a ƙasa, waɗannan kuwa suna rataye lafiya, kowane marfi a ɗaure da wani irin ƙulli da ba a taɓa gani a dajin nan ba. Na san ƙullin nan. Ƙullin da muke ɗaure shafin baƙaƙen dalma ne a maɗaba'a, zagaye huɗu a soke bakin zaren, hannuna ya yi shi ban ma sani ba. Ya ce ka daɗe kana duban ƙullin, sannan ka ce: wannan dagen ya yi makaranta.

Ashe ka sani, Baba. Shekara tara kana zuba mini zuma a fura in na zo hutu, kana sane. Baba Ɗanjuma ya ce ya matsa maka ka kira ni ka yi mini faɗa, ka ƙi. Ka ce zuma za ta dawo, amma in ka kunyata Akawu ba zai sake hawa itace ba har abada, kuma wata rana zai buƙaci itacen nan. Ta ina ka hango haka? Ni a lokacin ina ganin na bar daji ke nan. Dokarka ka bi da ni, ka buɗe ka ga komai, ka bar mini na can ciki ba ka taɓa ba.

Na koma na sauke amyoyin bakwai, na sake shafe su, na turara su da haɗin da Baba Ɗanjuma ya nuna mini. Na bi gidaje ina roƙon fasassun tukwane har mata suka fara cewa Akawu ya taɓu. Wata uku ina kai ruwa daga rijiya a keke, kwana biyu-biyu. Ƙudan suka fara zuwa sha, su tashi su tafi. Wata safiya ina zuba ruwa sai na ji ƙugi a samana. Amya ta uku ce ta kama, wadda ke kan ɗorawar bakin gona. Ganye ya kāre, ban iya ganin su ɗaya-ɗaya ba, amma kunnena lafiyarsa lau. Daga baya wata ma ta kama. Biyu cikin bakwai. Na san za ka ce biyu sun fi babu, ka tambayi inda igiya take.

Jiya da almuru na hau na buɗe ta ukun. Saƙar ta cika har baki, nauyinta ya ba ni mamaki. Inna na ƙasa tana jira da ƙwarya, gidan kuma ka san yadda fari ya bar shi, babu abin da ba ma buƙata. Na yanki ta bakin ƙofa. Wuƙar tana hannuna, na ji da yatsa inda saƙar 'ya'ya ta fara, na tsaya a nan. Rabin ƙwarya na sauko da shi. Inna ta leƙa ta ce shi ke nan? Na ce sauran na masu gida ne. Sai ta lakata da yatsa ta kai wa Abba, da ta zo da shi, a baki.

Marfin kuwa na ɗaure shi da ƙullin nan dai, zagaye huɗu a soke bakin zaren. Shi na iya, kuma yanzu babu abin da nake ɓoyewa a bayansa.

Ka yafe mini, Baba, ko da yake na gane ka riga ka yafe tun ban roƙa ba. Gobe da safe zan tafi fadama, akwai amya biyar da ke son sabuwar ciyawa. Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ni ne ɗanka,
Akawu, dagen da ya yi makaranta.