Tabon Bayan Iliyasu

Ƙofar Dumi, Bauchi
20 ga Afrilu, 1959

Zuwa ga Yaya Hammadu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata an yi salla lafiya. Yaya iyali, yaya aikin kuza a Jos? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ta ce bargon da ka aiko ya iso.

Bayan haka, ka tambaye ni karatu. Dukanci ina yinsa da safe, da la'asar kuma ina gaban Malam Jalo. Bana ya shiga da mu babin cututtukan zuciya: hassada, riya, girman kai, jiji da kai. Ya ce zuciya kamar tulu ce, in ba a wanke cikinta ba, duk ruwan da aka zuba sai ya yi wari. Na duba tawa, Yaya, alhamdu lillahi ban ga abin tsoro ba. Azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ni, kowa a unguwa ya shaida.

Idon Malam ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi. Yanzu in lokacin salla ya yi, Iliyasu yake turawa gaba. Ka tuna shi, maginin nan da ya zo daga wajen Dass yana amsa sunan Elias, ya musulunta a hannun Malam shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ni shekarata goma sha tara a zauren. Wallahi ban ji komai ba, Allah ke ba wanda ya so.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Makon jiya muna yaɓen rufin masallaci kafin ruwa ya sauka, Iliyasu ya tuɓe riga, na ga wani tabo fari-fari a bayansa, kamar faɗin tafin hannu. Ban ce kuturta ba ce. Na dai faɗa wa wanzamin bakin kasuwa abin da na gani, don a kula, tunda haƙƙin jama'a ne. Mutum ɗaya tak na faɗa wa.

Ka gai da matarka da yara.

Ƙaninka,
Sabitu

Ƙofar Dumi, Bauchi
2 ga Yuli, 1959

Yaya Hammadu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata damina ta sauka muku da albarka. Mu nan ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa.

Maganar Iliyasu ta game gari. Da farko hannu aka daina ba shi. Sannan wata Juma'a aka tarar an fasa butar da yake alwala da ita. In ya shiga gaba, sahu uku sai ya koma mutum biyar. Matarsa Yagana tana yin ƙosai, yanzu sai ta soya ta kwashe, ba mai saye, har almuru. Masu gini sun daina kiransa. Ranar Lahadi iyayen Yagana suka zo daga Ƙofar Ran suka tafi da ita da 'yarsu mai shekara uku. Ya bi su har bakin lungu yana roƙo, surukinsa ya ɗaga masa sanda ya ce kada ya matso.

Dattawan masallaci suka taru suka ce ni zan riƙa jan salla. Na ƙi har sau biyu, kowa ya gani, sannan na karɓa. Malam Jalo kuwa yana kwance.

Ni aka wakilta in gaya wa Iliyasu ya riƙa salla a waje, gindin dalbejiya. Na faɗa masa da lafazi mai taushi, na ce jarrabawa ce, kuma Allah yana wanke bawansa da ciwo. Ya yi mini godiya. Yanzu in na sallame na waiga, ina hango shi ta taga shi kaɗai a kan buzunsa, ko ana ruwa. Mutane suna cewa ƙira'ata ta fi tasa daɗi. Ina ce musu su bari, yabo guba ne.

Inna ta ce ka aiko mata da man zafi.

Naka,
Sabitu

Ƙofar Dumi, Bauchi
18 ga Janairu, 1960

Yaya,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar gida. Wasiƙarka ta same ni tun watan jiya, na kasa amsawa. Ka tambaye ni abu ɗaya: ashe ba ni ne na yi fama da kyasbi muna yara ba, har Inna tana shafa mini toka da lemun tsami? Ni ne. Na san kyasbi kamar yadda na san tafin hannuna.

Akwai abin da ban rubuta maka ba. Tun farkon maganar, Iliyasu ya zo rumfata da hantsi, ya ja ni bayan fatu, ya ɗaga riga. Ya ce, "Malam Sabitu, ba na iya ganin bayana. Kai ɗan'uwana ne, duba mini tsakaninka da Allah." Na duba. Na ga ɓarɓashin nan kamar gari. Na ja da baya, na rufe hancina da hannun riga, na ce, "Sai haƙuri." Ya sauke rigarsa ya tafi. Yaya, daɗi na ji.

Yayarsa Juliana, wadda take aikin jinya, ta ji labari ta zo ta kai shi asibiti. Likita ya gwada tabon da allura da auduga, ya ce kyasbi ne, ya ba da takarda. Ta bi gida-gida da takardar, tana kuka tana nunawa. Aka ce takardar Nasara ce, kuma ai dole ta rufa wa ɗan'uwanta asiri. Ni aka tambaya, na ce Allah ne masani.

A watan Nuwamba ƙyanda ta kama 'yarsa. Kwana shida yana zaune a ƙofar gidan surukansa, ba a bar shi ya shiga ba. Yana jin tana kiran Baba. Da ta rasu ya miƙa hannu a ba shi gawar, aka kauce masa. Ni na sallace ta. Shi yana can nesa, bayan sahu. Washegari ya bi Juliana suka bar garin.

Shekaranjiya Malam ya aiko kirana. Ya sa aka fita, ya laluba ya kama hannuna, ya ce, "Sabitu, me ka gani a bayan Iliyasu?" Ya ce, "Shekara ashirin ina wanke tulu ta waje." Ya ce abin da ke tsakanina da Allah, tuba tana shafe shi, amma wannan haƙƙin bawa ne, ko zan yi azumi har in bushe ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Sannan ya saki hannuna ya juya wa bango.

Ka yi mini addu'a, in kana iyawa.

Sabitu

Ƙofar Dumi, Bauchi
6 ga Oktoba, 1960

Yaya Hammadu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Nan gari ya cika da kiɗa da tutoci na samun mulkin kai, 'yan makaranta suna ta maci. Ban fita ba. Na gode da ta'aziyyar Malam. Bai sake yi mini magana ba har ya cika.

Bayan addu'ar arba'in na miƙe a masallaci na faɗi komai, ban rage ba. Na zaci za a jefe ni. Sai wani dattijo ya ce, "Kun ga malamin ƙwarai, mai tone kansa." Aka yi ta kabbara, wanzamin ma ya rungume ni. Ba wanda ya ambaci yarinyar. Suka ce ba su da liman sai ni. Abin da ya fi ba ni tsoro, a daidai lokacin na ji zuciyata tana lasar yabon.

Makon jiya na hau mota zuwa ƙauyen su Iliyasu. Na same shi a gona, ya rame, furfura ta fito masa. Yagana ta yi wani aure. Yana sallarsa shi kaɗai a tsakiyar dangin da ba sa yi, su kuma suna ajiye masa ruwan alwala. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya saurare ni har na gama. Na durƙusa na kama ƙafarsa.

Ya janye ƙafarsa a hankali. Sannan ya ce, "Tun a rumfarka na ga fuskarka, daga baya na gane. Malam Sabitu, a da ban san ƙiyayya ba. Yanzu da ita nake tashi, da ita nake sujada. Kullum ina roƙon Allah ya cire mini kai daga zuciya, bai cire ba tukuna. In na ce na yafe, ƙarya na yi. Ban yafe ba."

Na ce zan dawo. Ya ce kada in dawo, in Allah ya sauke masa zai aiko. In ban ji saƙo ba, mu haɗu a can lahira. Ya raka ni har bakin hanya, ya tsayar mini da mota.

Yaya, ka duba mini ko baduku zai sami rumfa a Jos, a unguwar da ba wanda ya san na yi karatu. Kada ka gaya wa kowa na iya ko da alif. Zan riƙa zuwa masallaci a makare, in tsaya a sahun ƙarshe kusa da takalma. Na bar wa wanzami adireshinka, ko da saƙo zai zo.

Ka gai da kowa. Inna ba ta sani ba tukuna.

Ƙaninka,
Sabitu