Hannuwan Apo Gannay

Tabuk, 25 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya yaran gidan da kike reno a Hong Kong? Ciwon bayan nan ya lafa? Mu nan lafiya lau. Kawu Ruben da Anti Perla suna gaishe ki.

Mama, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. A waya ba zan iya ba, shi ya sa na rubuta. Ni ce na sa Anti Perla ta sayo wa kakata Apo Gannay riga mai dogon hannu. Kowa a gidan nan ya ɗauka Anti ce ta kawo maganar. Ni ce na same ta a kicin na roƙe ta.

Kin san jibi ne bikin gama firamare, kuma na zo ta uku, za a ba ni lambar yabo. Malama Bayangan ta ce kowa ya zo da wanda zai hau dandamali ya rataya masa a wuya. Ke ba kya nan, Baba kuma Allah ya yi masa rasuwa. Da kika ce mahaifiyarki za ta sauko daga ƙauye ta rataya mini, wuni ɗaya na yi ina murna. Sai na tuna bara.

Bara Apo ta kawo mini shinkafa har ƙofar makaranta, da rigarta marar hannu kamar kullum, zanen nan da aka tsaga mata a fata yana fili tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Wata 'yar ajinmu, Divina, ta kalle ta ta ce, "Jonalyn, kakarki ce wannan? Na ɗauka mesa ce ta haɗiye tsohuwa ta bar mata kai." Aka kwashe da dariya. Daga ranar in na shigo aji sai wani ya kama wuyansa ya ce, "A yi hankali, jikar masu sare kai ta iso." Wai mutanenmu na kan dutse masu zane a jiki, a da kawunan abokan gaba suke sarewa. Shekara guda cur. Kuma Mama, kakar Divina ma 'yar ƙetaren koginmu ce, ita ma da zanenta. Kawai dai ta mutu, babu mai ganin hannunta.

Ban taɓa ramawa ba. Kin san bakina, a gaban mutane nauyi yake yi.

Jiya Apo ta iso a motar safe. Bayan an ci abinci Anti ta kawo rigar, fara ce mai maɓallai har wuyan hannu. Apo ta ɗaga ta sama ta ce, "Perla, wannan ta likita ce ko ta gawa?"

Anti ta ce, "Inna, makaranta ce. Manyan mutane za su zo. Ga shekaru kuma, nama ya saki, ba kyan gani."

Apo ta ɗaga damtsenta ta kaɗa, naman yana reto, ta ce, "Ya saki mana. Gajiya ya yi. Shi ya goyi mijinki shekara uku, ƙaton banza, ya ƙi tafiya." Kawu ya sunkuyar da kai cikin kwano yana dariya. Ta ce, "Shekara sittin ina shiga coci da hannun nan, ban ga Fada ya suma ba. Wa ya ce a rufe?"

Anti ta ce ita ce. Apo ba ta kalle ta ba, ni ta kalla. Ni kuwa na kalli ƙasa. Ta ninke rigar ta ce ta gode.

Ina jin haushin Divina, ina jin haushin Anti da ta kawo maganar nama, ba shi na ce ta faɗa ba. Kada ki gaya wa Apo ni ce. Ki yi mana addu'a jibi ta wuce lafiya.

Taki,
Jonalyn

Tabuk, 29 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya. Ya sanyi, ya haƙuri da mu? Na san Anti za ta kira ki ta ba ki nata labarin, to ga nawa.

Ranar biki da safe Apo ta fito daga ɗaki sanye da rigar. Sai dai ta yanke hannuwan biyu daga kafaɗa, da 'yar wuƙar girbin nan da ba ta rabuwa da ita, ta kalmashe bakin da zare ja, ɗinki mai kyau kamar haka aka sayo ta. Ta ɗaura zanenta na saƙi, ta sa duwatsun wuyanta. Hannuwan rigar kuma ba ta yar ba. Ta ƙulle bakin kowanne, ɗaya ta cika da jar shinkafa, ɗaya da kofi, ta rataya a kafaɗa.

Ta ce, "Perla, rigarki ta yi albarka. Na samu riga, na samu buhu biyu."

Anti ta ce, "Inna, so kike ki kunyata yarinyar nan a gaban jama'a?"

Apo ta ce, "Yarinya tana da baki." Ta juyo gare ni ta ce, "'Yar boko, tsirara na fito?"

Na sunkuya ina gyara takalmina.

A hanya mutane suna kallo, ita ko a jikinta. Tana gaida masu shago, tana kaɗa hannu, har ta tsaya ta gaya wa mai kifi cewa kifinsa ya kwana. A filin makaranta ta miƙa wa Malama Bayangan hannun rigar mai kofi ta ce, "Na gonata ne, ki sha, kin yi fama da wannan kurmar." Malama ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Amma ni ba Malama nake kallo ba. Divina na hango ta taɓa ta kusa da ita, suna rufe baki.

Mama, ga abin da na yi. Ana gab da fara kiran suna na je wajen Malama na ce gwiwar Apo tana ciwo, ba za ta iya hawa matakala ba, Anti ce za ta hau. Matar da take hawa gonakin jikin dutse da damin shinkafa a ka, ita na ce ba za ta iya taka matakala huɗu ba. Duk nauyin bakina, wannan ƙaryar ba ta yi mini wuyar fita ba.

Aka kira ni, aka kira Anti Perla. Apo ta riga ta fara miƙewa tana gyara zani. Na gan ta ta tsaya, sannan ta koma ta zauna. Anti ta rataya mini lambar. Da na juyo, Apo ta ɗaga hannuwanta biyu sama da kanta tana tafi, ta fi kowa ƙara, zanen shanshani da damin shinkafa duk a fili cikin rana, tana cewa, "Jikata ce waccan, kurmar nan jikata ce."

Da a nan aka tashi, da da sauƙi. Bayan an gama raba lambobi sai aka ce za a yi rawar gargajiya domin baƙi. Aka buga farantan tagulla, 'yan mata takwas suka fito, Divina a gaba. Kin san me suka sa a hannu? Doguwar safa mai launin fata, irin wadda ake sayarwa a kasuwa lokacin bukukuwa, an buga mata zane baƙi. Kwaikwayon zanen Apo, Mama. Wanda aka yi shekara guda ana kirana jikar masu sare kai saboda shi. Babban baƙo ya miƙe yana tafi, ya karɓi lasifika ya ce wannan shi ne gadonmu, mu yi alfahari da shi. Anti ma ta ɗaga waya tana ɗaukar hoto.

Wato in na roba ne, da za a cire a jefa a kwandon wanki, gado ne. In yana jikin tsohuwa mai rai, a nemo riga a rufe. Na ji kamar in hau in tuɓe wa Divina safar nan a gaban kowa. Na zauna ina matse lambar a hannu har ta yi mini shati.

Apo kuwa dariya take. Da 'yan rawa suka sauko suka bi ta gabanmu, ta kamo hannun Divina ta jujjuya ta ce, "'Yar nan, wa ya sa miki wannan? Na maza ne, na ƙirji, kuma an kifa shi. Je ki tambayi uwarki, ta san na tsohuwarta. Rana ɗaya aka yi mana ni da ita, ta fi ni kuka." Divina ta rasa inda za ta sa fuskarta. Na yi zaton zan ji daɗi. Ban ji ba, don ni ban fi ta ba. Ita kakar wata ta zaga, ni kuwa tawa na ɓoye.

Jiya da safe na raka Apo tasha. Na yi ta jira ta yi mini faɗa. Sai ta ce tana da shekaruna aka yi mata zanen, da ƙayar lemo da baƙin gindin tukunya, hannun ya kumbura har uwarta ce take ba ta abinci a baki. Ta ce, "Duwatsun wuya na uwarki ne, gona ta kawunki ce. Wannan kaɗai ce rigar da zan tafi da ita kabari, ba mai raba gadonta. Don me zan ɓoye ta tun ina numfashi?" Ta miƙo mini hannun rigar mai shinkafa. Da za ta hau mota ta ɗaga ƙafa ɗaya ta taka, ta waiwayo ta ce, "Kin gani? Gwiwar ta warke."

Ashe Malama ta je yi mata sannu da gwiwa.

Motar ta tashi ban roƙi gafararta ba. Ban san yadda ake fara irin wannan maganar ba.

Ki gaida Anti Corazon da kuke zuwa coci tare.

'Yarki,
Jonalyn

Tabuk, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki? Na gode da takalmin, ya yi mini daidai.

Ranar Lahadi da kika kira na yi ta cewa "to, to" saboda Anti tana tsaye a kaina. Yanzu zan ba ki amsa. Ki yafe mini in na yi rashin kunya.

Kin ce abin ya wuce, in manta. Kin ce Apo taurin kai gare ta tun kina yarinya, kuma ke ma kin taɓa ɓoyewa a bayan aji ranar da ta zo makarantarku. Kin faɗa kina dariya. Mama, ni ban ga abin dariya ba. Ke kin ɓoye, ni na yi ƙarya, ita kuma shekara talatin tana saukowa daga dutse da shinkafa a ka domin 'ya'yan da suke jin kunyarta. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Da na sani, ƙila da na ji tsoron maimaitawa.

Kin ce in bi Anti a hankali, a gidanta nake, kuma a gidanta zan zauna in yi sakandare. Na sani. Ita ma ta tuna mini. Shekaranjiya aka ba mu takardar shiga sakandare, akwai wurin da ake rubuta sunan wanda zai zo ranar rajista da duk ranar taron iyaye. Anti ta ce in sa nata. Ta ce, "In kin kuma jawo mana abin kallo, sai ki nemi inda za ki zauna. Ina da shago, mutane sun san ni." Kawu yana wajen. Uwarsa ake magana a kai, shi yana gyaran rediyo.

Wane abin kallo? Na yi ta tunani. Ranar nan babu wanda Apo ta kunyata. Malama ta aiko a gaya mata kofin ya yi daɗi. Mai kifi ma ya tambaye ni yaushe tsohuwar nan mai faɗa za ta dawo. A duk filin nan mutum ɗaya ce ta zauna kamar tana da ikon wurin, mu masu dogon hannu mu muke ta waige-waige.

Ba na son a kore ni daga gidan nan, Mama. Ina son karatu. Amma lambar nan tun ranar ban sake sa ta ba. Anti ta buga ƙusa a falo don a rataye ta, na ce ta ɓace mini a cikin kaya. Ba ta ɓace ba. Shinkafar da Apo ta ba ni mun cinye, na wanke hannun rigar na shanya, lambar tana ciki.

Ran Asabar zan bi motar safe in hau ƙauye. Na gaya wa Kawu zan je taya aikin gona ne. Zan miƙa wa Apo lambar in sunkuyar da kai, in ta ga dama ta rataya, in ta ga dama ta ƙi. Ban san ko bakina zai buɗe ba, amma na rubuta abin da zan ce a takarda ina ta haddacewa.

Takardar sakandare kuwa na riga na mayar jiya. Da biro na cike, ba da fensir ba. Sunan Apo Gannay na rubuta. Anti ba ta sani ba tukuna, ke ce ta farko da na gaya wa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya dawo mana da ke.

'Yarki, jikar Gannay,
Jonalyn