Kwana Huɗu a Ƙarƙashin Bargon Baba

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Sallama mai yawa da gaisuwar ban girma. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma kwas ɗin nan na wata biyu bai rage miki ƙiba ba. Baba da Mama lafiya lau. Amaryata Kaka ta ce a faɗa miki ba ta yi kewarki ba, amma kullum sai ta tambayi ranar dawowarki.

Bayan haka, a matsayina na Babban Kwamishinan Harkokin Ruwa na falonmu, ina gabatar da rahoton mako na farko a kan amanar da kika damƙa mini, wato tankin kifinki na gilashi da dukan shuke-shuken da ke cikinsa. Kifaye goma sha ɗaya suna raye. Babbansu mai jan wutsiya, wanda na naɗa Ciyaman, yana shawagi cikin isa da ƙasaita. Ciyawar ƙasan nan da kika shekara huɗu kina reno daga tsiro guda tana nan a shimfiɗe kamar darduma.

Na yi nazarin takardar dokokin da kika liƙa a bango: fitila awa shida, labule a rufe, abinci sau ɗaya a rana. Yaya, da dukan ladabi, wannan rowa ce. A gidan da Mama ba ta barin ko mai gyaran famfo ya fita bai ci wani abu ba, ta yaya za a bar bayin Allah da ci ɗaya? Saboda haka na yi gyare-gyare. Na yaye labule rana tana shigowa, fitila tana ci daga safe har yamma, abinci kuwa sau uku.

Ruwan ya ɗan sauya launi, abin da na ɗauka alamar ni'ima ce. Baba ya dube shi daga kujerarsa, ya dube ni, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Na ɗauki shirunsa a matsayin yabo.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki mai riƙon amana,
Auta

Zuwa ga Yayata mai yawan afuwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya baƙunta? Ina roƙon ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Cikin alhini nake sanar da ke cewa gwamnatina ta shiga mawuyacin hali. Ruwan ya koma kore shar, kai ka ce fenti aka dama. Rabona da ganin Ciyaman gaba ɗayansa kwana biyar. Sai dai wutsiya ta gifta kusa da gilashi, in yi mata barka da wucewa. Gansakuka ta lulluɓe ganyaye, kuma da na tura hannu na laluba, na ciro 'yar ciyawarki ta yi rawaya.

Sau uku ina kwashe ruwan kusan duka ina zuba sabo. Ya yi haske yini ɗaya, koren ya dawo da ƙarfinsa kamar na ba shi shayi.

Na kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya, kuma abin da ya gano ya girgiza ni. Ba ni kaɗai nake ciyarwa ba. Mama tana barbaɗa musu duk lokacin da ta zuba wa mutanen gida, wai ba za ta iya cin abinci idanu ashirin da biyu suna kallonta ba. Kaka kuwa tana da nata ƙullin a bakin zane. Da na tuhume ta, cewa ta yi in rufe mata baki, mijin da bai iya ciyar da ita ba shi zai hana ta sadaka?

Yanzu bari in ajiye wasa na minti ɗaya. Na san abin da ake faɗa a kaina a gidan nan tun ranar da na gyara agogon bango ya daina tafiya. Ke kaɗai kika taɓa miƙa mini abin da kike so kika juya baya. Saura kwana goma sha biyu ki dawo, kuma ina tsoron ki tarar da kwatami a inda kika bar lambu.

Na sayo wani magani a shagon masu sayar da kifi. Gobe zan zuba.

Naki cikin nadama,
Auta, Kwamishina mai jiran tsigewa

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka tsamo daga rijiya. Da fatan kina lafiya kamar yadda muke.

Ban zuba maganin ba, kuma ga dalili. Ina tsaye da kwalbar a hannu, rubutun jikinta ƙanana, sai na waiwaya na tambayi Baba ko murfi ɗaya ya kamata ko biyu. Tambayar ganganci ce, irin wadda ake yi wa wanda ke kusa. Yaya, sai Baba ya kashe rediyo.

Kin san tun da ya yi ritaya, shekara uku ke nan, ba abin da muke tambayarsa sai ko ya sha maganinsa. Ya miƙe, ya sa aka kawo kofin gilashi, ya ɗebi ruwan, ya ɗaga shi saitin taga yana juyawa a hankali. A nan ne na tuna, cikin kunya mai tsanani, cewa mutumin nan shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan ruwa yana tace abin da gari guda yake sha. Ni kuwa kwana goma ina neman fatawa a waya.

Ya bayyana mini cewa wannan ba datti ba ne, tsirrai ne ƙanana da ido ba ya rarrabewa, abincinsu haske da ragowar abin da muke barbaɗawa. Duk sabon ruwan da na zuba, fili na share musu. Maganin kuma zai kashe su a lokaci guda, su ruɓe, su shanye iskar da kifi ke shaƙa, gari ya waye Ciyaman yana kallon sama da ciki. Ya ce abin da ci ya kawo, yunwa ce take korarsa.

Daga nan ya zartar da hukunci. Ya zuƙe ragowar abincin da ke ƙasa da siririn tiyo, ya wanke soson na'urar tace ruwa a cikin ruwan tankin, ba a famfo ba, ya bar injin iska yana aiki, ya kashe fitila. Sannan ya ɗauko bargonsa mai kauri, wanda ko Mama ba ta isa ta ara ba, ya lulluɓe tankin ruf, ya kama gefunan da maƙalan shanya. Kwana huɗu: ba haske, ba abinci, ba leƙe.

Gidan ya yamutse. Mama ta ce ita ba a taɓa horon yunwa a ƙarƙashin rufinta ba. Baba ya amsa mata da cewa kifi mai lafiya yana mako bai ci ba, kuma shuke-shuken gaske suna da ajiya a jikinsu, 'yan koren ne ba su da ko ta kwana uku. Ya jawo kujerarsa ya dasa a gaban tankin. Jiya ya kama Kaka tana ɗaga gefen bargo da ƙullinta, ta ce numfashinsu take saurara. Ya karɓe ƙullin cikin ladabi, ya ce Inna ta yi haƙuri, za a mayar mata ranar sallamar fursunoni.

Lokaci zuwa lokaci yana kara kunne a jikin bargon, ya tura hannu ta baya ya ji ɗumin gilashi. Ban taɓa ganin mutum yana aiki da abin da ba ya gani da irin wannan natsuwa ba.

Yau kwana biyu. An rage mini muƙami zuwa mai ɗaukar bokiti, kuma ban taɓa alfahari da muƙami kamar wannan ba.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Aminci da gaisuwa. Ina fatan kin fara haɗa kaya.

Da hantsin yau aka yi bikin yaye bargo a gaban dukan jama'ar gida. Yaya, ruwa garau! Har ƙwayar yashi ana ƙirgawa. Ciyaman ya fito da tawagarsa goma cif, ya dube mu kamar mu ne muka yi tafiya. Kaka ta rantse ya rame, ta yi masa jaje. Ciyawarki ta ɗan kwanta, gefe guda kamar tafin hannu ya mutu, ba zan ɓoye miki ba, amma Baba ya nuna mini fararen saiwoyi ya ce za ta tashi.

Ya sa na canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kawai, da ruwan da ya kwana a bokiti don warin maganin famfo ya fita. Labule ya koma rufe, fitila awa shida, abinci sau ɗaya, kuma gwangwanin abincin yana aljihunsa. Wato dai takardarki ce kalma da kalma. Ya karanta ta sau biyu, ya ce wadda ta rubuta wannan ta san ruwa.

Muna wanke bokiti na tambaye shi me ya sa ya ga ina ɓarna tun ranar farko bai ce komai ba. Bai ɗago kai ba. Ya ce ba wanda ya tambaye shi.

Na daɗe ina wanke bokitin nan.

Saboda haka ina miƙa takardar murabus, tare da roƙo guda. Za ki tarar da kujera a gaban tankinki, kada ki matsar da ita. Kuma idan kin ajiye jaka, kafin ki ja kunnena, ki ɗebi ruwan a kofi ki kai masa, ki tambaye shi yadda ya gan shi. Na san kin sani. Ki tambaya duk da haka.

Allah ya kawo ki lafiya.
Ƙaninki, mai ɗaukar bokitin Baba,
Auta