Ciyawar Tanko Mahauci

Zuwa ga ƙanena Garba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Rawayya lafiya, in ban da ciwon bayana.

Ruwa ya jiƙe ko'ina, shanu suna turke, sai an yanko musu, ni kuwa lauje ya fi ƙarfina. Kwatsam Tanko mahauci, wanda ko gaishe ni ba ya yi, ya fara aiko da ciyawa kyauta. Ya ce, "Malam, ai maƙwabtaka ce."

Ranar Laraba bajiminka ya kumbura. Na ɗura masa man gyaɗa, da ƙyar ya tashi. Da na tona ragowar ciyawar, sai ga ganyen ƙaramar dawa, wanda kowa ya san yana kashe shanu. Ban ce da gangan ba ne. Amma ban gaya wa kowa ba, sai ga Tanko ya zo jaje da wuƙa a ƙugu. Karatuna bai tsinana mini komai ba, amma ban makance ba.

Ka gaida mai ɗakinka, ku sa mu a addu'a. Yau ma Tanko ya aiko da dami, ban kwance ba.

Yayanka,
Umaru